Albarushin da Bai Zubo Ba

Yayan matata tela ne a Handsworth, cikin Birmingham. Shagonsa yana saman wani kantin kayan miya, ana hawa ta wata matattakala mai ƙunci wadda mutum biyu ba sa iya giftawa a kanta. Kekunan ɗinki biyu gare shi, ɗaya na ɗinkin yau da kullum, ɗaya na surfani, kuma da na surfanin aka san shi. Likitocin nan 'yan Kano da Zariya da ke aiki a asibitocin garin, duk wanda ka gani ranar Idi da wuyan riga mai kyau, to daga wurinsa ta fito. Da hannuwan nan biyu yake riƙe gidansa, da su yake aika wa tsohuwarsu cefane a Kumasi. Ni na lalata masa ɗaya daga cikinsu.

Ban yi karatu mai zurfi ba. A zango na taso, na koyi kafinta, na zo Manchester na sami aiki da kansil, wato hukumar garin, ina gyara ƙofofi da makullai a gidajen da suke ba mutane haya. Tun ina yaro hannuna ya fi bakina sauri. Idan aka faɗa mini magana, kafin in nemo amsa na riga na kai duka. Ina da tabo a gira, ina da haƙorin roba guda, duk na faɗa ne, kuma babu wanda na samu ina kan gaskiya.

A wurin aiki akwai wani tsohon Bature mai gyaran famfo, motar aiki ɗaya muke shiga. Wata rana wani ya tare mana hanya da motarsa ya ƙi gusawa, na fito da guduma a hannu. Tsohon ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce in koma in zauna. Da muka kama hanya bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi ranar Asabar in biyo shi wani wuri, zai nuna mini abin da ake yi da hannu mai rawa irin nawa.

Kulob ne na masu harbin takarda, a ƙarƙashin wata tsohuwar masaƙa. Dogon ɗaki ne mai warin mai da danshi. A ƙarshensa an rataye takardu masu zanen da'ira, bayansu farantin ƙarfe yana tare dalma. Tsofaffi ne yawanci, masu fansho, suna shan shayi suna gardama a kan wanda ya fi wani saiti. Na ga abin da ban taɓa gani ba: mutum riƙe da bindiga, amma shi ne ya fi kowa sanyi a ɗakin. Idan zuciyarka tana tafasa, takardar za ta nuna. Sai ka sauke numfashi kafin ka taɓa kunamar bindigar.

Na daɗe ina zuwa kafin in nemi lasisi. 'Yan sanda sun zo gida, sun duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango, sun tambayi likitana, sun zauna da matata su kaɗai. Suka gaya mini ƙarara cewa ranar da aka kai ƙarata a kan faɗa, ko na titi ko na gida, ranar za su zo su kwashe komai. Na yi shekaru ban daki kowa ba saboda takardar nan. Na so a ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma lasisi ne.

Ɗakin harbin gajere ne, ƙarfen da ke ƙarshensa ba mai kauri ba ne, a sama kuma akwai masu shaguna. Don haka doka ce harsashi ya fita da sanyi, kada ya kai saurin da zai tsaga iska ya yi ƙarar nan mai kama da bulala. Harsashin kanti ya fi ƙarfin wurin, ga tsada. Shi ya sa kusan kowa a gida yake haɗa nasa. Za ka tsince kwanson da ka harba, ka wanke, ka sa masa sabon ɗan abin tada wuta a gindi, ka jera su a faranti mai ramuka irin na ƙwai. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana zuba albarushi da ma'auni, daga baya ka danna dalma a bakin kowanne da injin hannu.

Matsalar harsashi mai sanyi ita ce albarushin da yake buƙata kaɗan ne, kwanson kuwa babba. Ɗan mitsitsi ne ke kwanciya can ƙasa, sauran duk fili. Idan ka sha'afa ka zuba sau biyu, zai shige ba tare da ka gani ba, ka rufe da dalma, ka sa a aljihu. Tsohon ya ce ya taɓa ganin bindigar da irin wannan ya fashe a cikinta, ta buɗe kamar ɓawon ayaba.

Saboda haka ya ba ni wani irin albarushi daban. Toka-toka ne, ƙwayoyinsa kamar ƙananan zobba, mara nauyi kamar dusa. Gwangwaninsa babba amma ka ɗaga kamar babu komai a ciki. Awon da ake buƙata shi kaɗai yana cika kwanso kusan baki. Ya ce in gwada zuba na biyu. Na zuba, ya tumbatsa ya watse a kan tebur.

"Ka gani," in ji shi. "An yi shi ne don irina da irinka, masu mantuwa da masu fushi. Amma duk da haka, kafin ka rufe, ka ɗauki tocila ka leƙa kowane kwanso."

Na leƙa na 'yan watanni. Daga baya na daina. Me zan leƙa, tunda idan na yi kuskure tebur zai gaya mini? Hannuna ya saba, idona ya huta. Har rediyo nake ji ina aikin.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Gwamnati ta rage wa kansil kuɗi, kansil ta rage mu. Aka rufe ɗakin karatun unguwarmu, aka rufe wurin da yara ke wasan ƙwallo da yamma, aka miƙa gyaran gidaje ga 'yan kwangila. Tsohon ya karɓi fansho ya tafi. Ni na koma ɗaukar kwali a wani sito a Cheetham Hill, inda sai da safe ake aiko maka saƙo a waya ko akwai aiki yau ko babu. Mutumin da ya yi shekaru yana rataya ƙofa ta zauna daidai, ya koma ana yi masa tsawa a kan kwalin safa.

Tsohon halina ya dawo, kuma ya dawo da wayo. Na san wanda zai iya kai ƙarata da wanda ba zai iya ba. Akwai wani da muke lodi tare, na san ba shi da takardun zama. Ya taka mini ƙafa da keken ɗaukar kaya, ya yi dariya. Na jira shi a bayan sito wurin kwandunan shara. Na buga kansa da bango, na yi ta naushinsa a ciki har ya durƙusa yana amai, na ƙara masa da ƙafa a haƙarƙari. Washegari ya zo aiki yana tafiya a karkace, bai kalle ni ba, bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar na je kulob na harba takardata lafiya lau, har aka yaba mini.

A gida ban taɓa matata ba, amma na taɓa duk abin da ke kusa da ita. Na fasa ƙofar kicin da hannu, ni da aikina gyaran ƙofa. Na yi jifa da tukunyar miya ta bugi bango dab da kanta. Yara suka koyi hawa sama da zarar sun ji makullina a ƙofa.

A cikin wannan hali albarushin nan mai kumburi ya ɓace daga kantuna. Wasu suka ce wata sabuwar doka ce, wasu suka ce kamfanin ne ya daina aikowa. Duk inda ka tambaya sai a girgiza kai. Na ƙarar da gwangwanina na ƙarshe, na sayi wani iri mai nauyi, baƙi, mai laushi kamar yashi. Yana da araha kuma yana daɗewa, domin ɗan kaɗan ake sawa. Tsohon ya gan shi a jakata a kulob, ya ɗaga gwangwanin ya ajiye.

"Wannan ba ya yafe wa kowa," ya ce. "Kana leƙawa dai ko?"

Na ce ina leƙawa.

Matata ce ta kira yayanta, ban sani ba. Ranar wata Juma'a da la'asar ina cikin ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida, inda nake haɗa harsashi. Na jera faranti cike da kwanso, na fara zubawa, na yi nisa zuwa wajen tsakiya. Sai na ji sallama a bakin ƙofa.

Tsohon ya taɓa gaya mini cewa idan kana zuba albarushi, ko gobara ake yi, ka ƙarasa layin da kake kai kafin ka juya. Shi Bature ne, yana iya ɗaga wa mutum hannu ya ce jira. Ni ba zan iya juya wa yayan matata baya ina aiki ba, ya taso tun daga Birmingham yana tsaye da sallama a bakinsa. Na ajiye ma'aunin, na goge hannu, na rusuna.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya yara?"

Muka gaisa yadda ake gaisawa. Ya iyali, ya aiki, ya sanyi, ya labarin tsohuwa, ƙafarta ta yi sauƙi, ya mutanen Handsworth, wane ya dawo daga Umara, wance ta haihu. Na share masa kujera ya zauna, ni na zauna a kan bokiti. Yana magana yana kallon gwangwanaye da injin da dalmar da ke cikin kwano. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, ya gyara hularsa.

"Na ga ƙofar kicin," ya ce.

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na ga bango kuma. Miyar kuka ba ta fita da sauƙi, ko? Ƙanwata na ba ka, ba buhun dambe ba. Yanzu mutum mai irin wannan zuciya shi ne ke ajiye bindiga a gida?"

"Yaya, ba abin da kuke zato ba ne. Wasa ne, takarda muke harbi."

"Takarda. Uban yara, gemu ya fara fari, yana ɓuya a akurki yana haɗa harsashi kamar ɗan tauri. Ka sayar da tarkacen nan. Idan ba ka sayar ba, ni da kaina zan je wurin 'yan sanda in gaya musu abin da na gani a kicin."

Akwai guduma a kan tebur, kuma na san inda take ba tare da na duba ba. Na danne hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Na ce masa kafin ya yanke hukunci, ya zo gobe ya gani da idonsa, gobe ranar baƙi ce a kulob. Idan ya gani ya ce a sayar, zan sayar. Ya yi ɗan tunani, ya ce to, dama sai Lahadi zai koma. Matata ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ya tashi ya bi ta.

Na juyo kan farantin. Na tsaya ina kallon layukan, ban tuna inda na tsaya ba. Tocila tana rataye a ƙusa, miƙa hannu kawai zan yi. Ko in kife farantin gaba ɗaya in sake daga farko, aikin da bai kai a dafa shayi ba. Na tuna da duka biyun, ba zan ce ban tuna ba. Amma a kaina ina ta maimaita maganar akurki, ina shirya amsoshin da ban ba shi ba. Na zaɓi layin da nake zato, na ci gaba da zubawa. Ina zubawa ina kallon tebur kamar yadda na saba. Babu abin da ya zubo. Na rufe su duka da dalma, na zuba a akwati.

Washegari muka tafi. Ya sa farin kaftani da ya ɗinka wa kansa, da aikin zare ruwan toka a wuya, ya ɗora kwat a kai. Tsofaffin kulob suka karɓe shi hannu biyu, suka ba shi shayi, ɗaya ya tambaye shi ko zai iya rage masa wando. Na ga fuskarsa ta fara sakewa. Tsohon, wanda shi ke kula da layin harbi ranar, ya sa masa tabarau da abin toshe kunne, ya nuna masa yadda ake tsayawa.

Dokar kulob ita ce baƙo da bindigar kulob yake harbi, da harsashin da kulob ta tanada. Haka ya fara. Harbin farko ya rufe ido, na biyu ya sami gefen takarda, na uku ya shiga da'ira. Ya juyo yana dariya.

"Ashe abin ido ne. To ai mu da zare muke shiga kafar allura."

"Yaya, wannan ta haya ce," na ce. "Bari ku ji tawa."

So nake ya ji yadda nawa harsashin yake da taushi, yadda ba ya dukan kafaɗa, ya san cewa akwai abin da na iya. Kuma baƙo ne, babba ne, ba a ba shi abin aro alhali naka mai kyau yana jingine. Na jira tsohon ya matsa wurin wani a can ƙarshen layi. Na ɗauko tawa, irin mai mariƙi a ƙasa da ake ja a ɗana, na cika ta daga akwatin jiya, na miƙa masa. Ya riƙe ta yadda sababbi ke riƙewa, hannun hagu ya matso baya sosai, dab da inda harsashi ke kwanciya. Na gani, ban gyara masa ba, don kada in yi wa babba gyara a gaban mutane.

Na farko ya fita da ɗan tari, ya huda takarda. Ya ɗaga gira ya ce, "Kai, wannan kamar man shanu." Ya ja mariƙi ya sake. Na biyu ma haka.

Na uku ban ji shi a kunne ba, a ƙirji na ji shi. Wani farin haske, sannan wani abu ya mare ni a kumatu. Fitilar da ke samanmu ta fashe, gilas ya zubo. Da hayaƙin ya ɗan janye na ga bindigar a ƙasa gida biyu. Ƙarfen tsakiyarta ya tsage ya buɗe, katakon gaba ya zama tsinke. Yaya yana tsaye inda yake, bai faɗi ba. Ya ɗaga hannun hagu a gaban fuskarsa yana kallo kamar an miƙa masa kayan wani. Manuniya babu. Na tsakiya yana lilo da fata. Babban yatsa ya juya inda yatsa ba ya juyawa, tafin ya buɗe har ana ganin fari a ciki. Sai jinin ya zo, yana bulbulowa, yana tsartuwa a kan farin kaftanin, a kan benci, a kan tabarauna.

Ya ce, "Innalillahi," a hankali, sannan ya zube ƙasa.

Tsohon ne ya iso da gudu, yana ba da umarni kowa ya ajiye bindiga. Ya cire bel ɗinsa ya ɗaure damtsen, ya ɗaga hannun sama, ya cusa tawul a tafin ya danne da duk ƙarfinsa. Yaya ya fara ihu a lokacin, yana shure-shure, takalminsa ɗaya ya fita. Ni ina tsaye. Tsohon ya daka mini tsawa in nemo yatsan. Na durƙusa ina lalube cikin gilas da kwanso, na same shi a ƙarƙashin benci, da taurin fata a gefensa inda yadi da allura suka yi shekaru suna gurza. Na sa shi a kofin shayi, don shi ne abin da na samu.

Ba su iya mayar da shi ba. Na tsakiyan ma sun cire. Babban yatsan suka haɗa da ƙarfe, suka ce zai zauna amma ba zai lanƙwasa sosai ba.

Babban ɗansa, direban bas ne, ƙato, ya taso daga Birmingham a ranar. A wurin ajiye motoci na asibiti ya same ni. Da can Kawu yake ce mini. Ranar kuwa ya shaƙe ni da kwalar riga ya buga ni da jikin wata mota. Naushin farko ya fasa mini leɓe, na biyu ya karya haƙorin roban, na ji shi a harshe na tofar. Na faɗi, ya bi ni da ƙafa, a ciki, a baya, a kunne. Na san yadda ake tashi daga irin wannan, na san inda zan kama shi ya faɗi. Ban ɗaga hannu ba. Matata ce ta fito ta shiga tsakani, ta riƙe shi tana kiran sunansa har ya tsaya yana haki. Ba ta dube ni ba. Ta ce da shi, "Babanka yana nemanka," suka shiga tare.

'Yan sanda sun kwashe komai, akwatin ƙarfen ya koma fanko. Tsohon yana wurin da aka buɗe sauran harsasan. Ya ce layi guda cur aka samu da awo biyu. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni kawai ko na leƙa, na ce a'a. Ya gyaɗa kai, kuma tun daga ranar bai sake ɗaga wayata ba. Aka rufe kulob na wani lokaci ana bincike, tsofaffin da ba su da wani wurin zuwa ranar Asabar suka zauna a gida saboda ni. Yaya ya gaya wa masu bincike cewa ba ya son a kai maganar kotu, lamarin gida ne. Abin da suka yi mini a hukumance ba shi da yawa idan aka gwada da abin da na yi.

Masu zuwa dubiya suna ta cewa an gode Allah da abin ya tsaya a hagu. Yaya yana amsawa da alhamdulillahi, yana kallon silin. Su ba su san aikin ba. A keken surfani ƙafa ke ba da gudu, dama tana juya mariƙin da ke ƙasa, hagu kuwa ita ke tafiyar da yadi a ƙarƙashin allura. Manuniya da na tsakiya su ke danne shi, su ke jin inda zare zai bi tun kafin ido ya gani.

Azumi ya kusa, shagon cike da yadin mutane. Na fara hawa bas duk Juma'a da yamma zuwa Birmingham, in kwana a shagon a kan tabarma, in koma Lahadi. Ba wanda ya kira ni. Ranar farko matarsa ta gan ni a matattakala ta koma ciki ta rufe ƙofa. Shi kuwa ya dube ni daga kan kujera, hannun a naɗe a ƙirji.

"Me ka zo yi? Hannun daman da ya rage ka zo ƙarasawa?"

"Na zo in riƙe muku yadi, Yaya."

"Kai? To zauna. Bari mu ga ko kafinta zai iya abin da ɗan koyo ke yi."

Muka gwada. Shi yana taka keke yana juya mariƙi, ni na sunkuyo ta gefensa na zama hannun hagu. Ban taɓa shan zagi irin na watan nan ba. Hannunka kamar na mai fasa dutse. Sassauta, ba ƙofa ba ce. Ja, na ce ja, ba fizga ba. A wuyan rigar wani likita na danne inda ya kamata in saki, allura ta tattare shadda ta huda ta wuri guda har ta yage. Ya ɗauki almakashi da hannun dama ya jefe ni da shi. Ya wuce ta gefen kunnena ya kafe a jikin ƙofa. Muka tsaya muna kallonsa yana rawa. Na tashi na zare shi, na mayar masa a kan tebur, na koma na zauna.

"Da na same ka fa?" ya ce.

"Da kun same ni, Yaya."

"Rufe mini baki. Ɗauko wani yadin."

Ba mu fitar da ko rabin kayan Sallah ba. Sauran ya kira masu su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, suka zo suka karɓa, wasu da fara'a, wasu ba su ko zauna ba. Ni ke miƙa musu a leda a bakin ƙofa.

Da aka kwance hannun, ya koma kan keken shi kaɗai. Ya hana ni taɓawa. Ina zaune ina cire zare daga tsofaffin ɗinki, ina jin sa yana fama. Ɗinkin miƙe ya dawo masa a hankali, yana danne yadi da gefen tafi da ƙananan yatsu biyun da suka rage. Yana iya haɗa kaftani, yana iya rage wando, yana iya sa zif. Surfanin ne ya ƙi. Zai zana fure a kan ƙyalle, ya bi shi, ya fito a karkace kamar wanda aka taka. Ya yi ta yi har bayan Babbar Sallah. Kwandon da ke gefensa ya cika da ƙyallaye. Wani lokaci tabon yakan tsage ya ɓata yadin da jini, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Wata Juma'a na iso na tarar ya zare keken surfanin daga wuta, ya naɗe wayarsa, ya goge shi da mai. Ya ce wani tela ɗan Senegal daga Ladywood ya zo ɗauka, yana ƙasa da mota. Ɗansa yana wurin aiki, babu mai saukar da shi sai ni.

Na kwance kan keken daga teburin, na rungume shi. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na fara sauka da baya a matattakalar nan mai ƙunci, ina laluben kowane mataki da ƙafa. Yana tsaye a sama yana kallona, hannun hagu a cikin aljihun kaftani.

"A hankali," ya ce. "Kada ka buga shi da bango. Mutumin ya riga ya gan shi lafiyayye."

Na kai shi ƙasa ban buga ba. Na sa a bayan motar, na koma na sauko da teburin. Da na sake hawowa ya riga ya ja ɗayan keken zuwa tsakiyar shago inda haske ya fi, ya zauna da wandon wani a gabansa yana neman inda zai rage.